Yadda Ake Kwantar da Lafiyayyen Tsoho Don a Samu Kwanon Rufi

Kai da ka ɗauki wannan takarda, na san halin da kake ciki. Kana da ƙungiya, ƙungiyar tana da buƙata, asusunta kuwa ko sisi babu. Ka rubuta wa masu hali wasiƙa, wasu sun amsa maka da "Allah ya rufa asiri", wasu ko wannan ba su yi ba. To, share hawayenka. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, na yi maka alkawari mutumin da bai taɓa saya wa baƙo ruwa ba zai karanta wasiƙarka ya laluba hankici, daga nan ya laluba aljihu. Ba labarin wani zan ba ka ba. Ni ne sakataren ƙungiyar ɗakin karatu na unguwarmu a shekarar da rufinsa ya ɓule, kuma da alƙalamina aka rufe shi.

Mataki na 1: Ka samu abin da ya lalace, amma kada ka dogara da shi

Namu ɗaki ne guda a jerin shaguna, tsakanin tela da mai gyaran firji. Kantoci na littattafai a jikin bango, dogon tebur a tsakiya, benci nan benci can, da fanka mai juya wuya tana nishi. Da safe 'yan fansho ke zuwa karanta jarida, da yamma matan da ke shirin jarrabawar aikin jinya su cika teburin. Rufin ya fara yoyo daidai kan kantar ƙamus-ƙamus, har babban ƙamus ɗinmu ya kumbura ya daina rufuwa.

Muka je wurin mai gidan. Ya saurare mu yana yanke farce.

"Kuɗin hayarku ko ƙusa ba ya saya," in ji shi. "Wani mai kaji ya ce in na ba shi ɗakin zai gyara da kuɗinsa. In damina ta kankama ba ku rufe ba, ku kwashe takardunku."

Ma'ajiyarmu tsohuwar malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata. Mace ce mai kirki, amma tana da lalura guda: ba ta iya faɗin abu fiye da yadda yake. Ta zauna ta rubuta wa masu shagunan layinmu cewa rufinmu yana yoyo, muna neman taimako, mun gode. Ka san abin da aka aiko? Bokitai. Manya da ƙanana, har da na fenti da ba a wanke ba.

Darasin farko ke nan. Ba wanda ya taɓa yin kuka saboda kwano. In ka ce wa mutum ruwa na zuba, abin tarar ruwa zai ba ka, ya tafi yana jin ya yi aikin lada.

Mataki na 2: Ka kumbura mai bayarwa tun daga gaisuwa

Kada ka kuskura ka fara da "Bayan gaisuwa mai yawa". Wannan gaisuwar mai neman bashi ce, kuma masu kuɗi suna jin ƙanshinta tun ambulan yana rufe.

Ka ba mutum matsayin da bai san yana da shi ba. Mai kantin fenti na layinmu bai taɓa leƙa ɗakin karatu ba, sau ɗaya da ya shigo ma fake wa ruwa ya yi, ya ga cikin ya fi waje jiƙa ya fita. Amma na rubuta masa: "Zuwa ga uban marayun littattafai." Mai gidan biredi ta zama "uwar masu neman sani". Wani mai sayar da tayoyi na kira shi "ginshiƙin ilimi", daga baya aka gaya mini ya sa an karanta masa wurin har ya haddace.

Binciken da na yi da kaina ya nuna cewa mutum ba ya iya yaga takardar da aka yabe shi a ciki. Zai iya ƙin bayarwa, amma zai ajiye ta a aljihun gaba, kusa da kuɗi. Rabin aiki ya ƙare.

Mataki na 3: Ka nemo mutum ɗaya, kada ka kawo jama'a

Masu koyo suna rubuta cewa "al'umma za ta amfana". Al'umma ba ta da fuska. Ba wanda ya taɓa ganin al'umma ta yi tari. Mutum ɗaya kake buƙata, mai furfura in da hali.

Namu shi ne Baba Birki. Tsohon direban bas ne, sunan ya bi shi ne saboda a zamaninsa ko kaza ya hango daga nesa sai ya taka birki har fasinja su gaisa da kujerar gaba. Bai iya karatu ba sai da ya ajiye tuƙi. Malama ce ta koya masa a kan wannan dogon tebur, baƙi bayan baƙi, yana bin layi da yatsa kamar mai duba taswirar hanya. Tun daga nan kullum shi ke fara zuwa, shi ke tashi ƙarshe.

Matsala ɗaya ce: Baba lafiyarsa ƙalau. Kumatunsa kamar an hura, muryarsa tana kaiwa shagon tela, kuma yana iya tashi da biredi guda ya tambayi ko akwai saura.

Na same shi na yi masa bayani a hankali. Ya bi kantoci da kallo.

"Wato kaji za a zuba a nan," ya ce. "A inda na fara rubuta sunana."

"Haka mai gida ya ce, Baba."

"To, Sakatare, in dai kaji ba za su shigo ba, ko mutuwar ce sai in yi ta ta rabin yini."

Irin wannan tsohon za ka nema. In naka ya tsaya yi maka tambayoyi, ka sake wani.

Mataki na 4: Ka kwantar da shi a takarda, ba tare da ka yi ƙarya ba

Nan gwaninta take. Maƙaryaci yana ƙirƙira, ƙwararre yana zaɓe. Ga abin da na rubuta, ka kwafa in kana so:

"A daidai lokacin da kake karanta wannan takarda, akwai wani dattijo kwance a kan benci a ɗakin karatunmu, idanunsa a rufe, ruwa yana ɗiga kusa da kansa. Ya yi shekara da shekaru yana kai mutane gidajensu lafiya. Yau ga shi ya kasa wuce shafin da yake kai. Iyalinsa sun yi sun yi ya koma gida, ya ƙi. Burinsa ɗaya ne, ya ƙarasa littafin da ya fara, kafin…"

Ka lura da ɗigo-ɗigon ƙarshe. Ban ce zai mutu ba. Ɗigo-ɗigon ne suka ce, kuma ba a kai ɗigo kotu.

Sauran duk gaskiya ne. Yana kwanciya a benci kullum bayan ya ci abincin rana. Idanunsa a rufe suke, tunda barci yake yi. Ya kasa wuce shafin saboda duk lokacin da ya kai wurin barcin ke ɗauke shi. Matarsa kuwa kullum sai ta aiko a ce ya dawo gida, shi kuma ya ce yana zuwa.

Malama ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

"Sakatare, wannan ƙarya ce."

"Nuna mini jimla ɗaya, Malama."

Ta bi layi-layi da bakin biro har ƙasa. "Babu jimlar da ta yi ƙarya," ta ce. "Takardar ce gaba ɗaya maƙaryaciya."

Duk ƙungiya tana da irin Malama. Kada ka yi musu da ita. Ka ba ta aikin manna ambulan.

Mataki na 5: Hoto

Wasiƙa ba hoto kamar shayi ne ba sukari, za a sha amma ba za a nemi ƙari ba. Sai dai Baba Birki da ya ga an ɗaga waya sai ya washe baki har kunne. Na ce ya tuna wani abin baƙin ciki, ya ce shi ba ya riƙe irin waɗannan. Na ce ya tuna tsadar kaya, ya ce ai matarsa ke cefane. Muka ɗauka muka goge, muka ɗauka muka goge, duk hoton da ya fito kamar tallan man girki.

Daga ƙarshe na roƙi mai gyaran firji ya shiga tsohuwar motarsa da ke ƙofar shago, ya tayar, ya sa giya ba tare da ya taka kuloci ba. Motar ta yi wani irin ƙara kamar ana niƙa ƙusoshi. Fuskar Baba ta yamutse, ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa.

"Wane azzalumi ne wannan?" ya ce.

Na danna. Duk wanda ya ga hoton nan sai da ya ce Allah ya sa kaffara ne.

Kowane mutum yana da abin da ke sa shi ciwo na gaske. Aikinka ka gano shi, ka tsaya kusa da waya a hannu.

Mataki na 6: Ka yi kamar ka manta wani abu

Bayan ka sa hannu, ka ƙara layi ɗaya a can ƙasa da ya fara da "Na kusa mantawa". Masu kuɗi ba sa karanta tsakiyar takarda. Suna karanta yabonsu a sama, su tsallako ƙasa su ga nawa ake so.

Ni na rubuta: "Na kusa mantawa, hadari ya haɗu yayin da nake rubutun nan." Sannan na tsoma yatsa a kofin ruwa na ɗiga a gefen kowace takarda. Mai karatu ya zaɓa da kansa, ko yoyon rufi ne ko hawayen sakatare. Duk biyun suna aiki.

Mataki na 7: Ka raba wa kowa, kada ka tsaya tantancewa

Wasu za su ce maka ka zaɓi waɗanda za ka aika wa. Ragwanci ne. Na kai takardar shagon hoto aka buga mini tuli, na bi layi-layi. Na ba masu kanti, na ba mai kemis, na tura ta ƙarƙashin ƙofar wata likitar haƙori da ta buɗe asibiti a bakin titi. Da na ga akwai saura, na shiga kasuwar katako na ajiye a kowace rumfa, na ɗora guntun itace a kai don kada iska ta ɗauke.

Ban tambayi Baba ko yana da dangi a wani wuri ba. Kai ma kada ka tambaya. Tambaya tana rage saurin aiki.

Mataki na 8: Ka karɓi duk abin da aka kawo da hannu biyu

Kaya suka fara shigowa. Uban marayun littattafai ya aiko da fenti kalar ruwan hoda wanda ya daɗe bai sayu ba. Mai kemis ya aiko da sandar guragu. Mai gidan biredi ta ce kullum a zo a karɓa wa mara lafiya biredi mai laushi, abin da ya sa Baba ya ƙara ƙiba a makon da ya kamata ya rame. Ginshiƙin ilimi ya aiko da sabuwar katifa a cikin ledarta, ya ce bai dace dattijo ya cika a kan katako ba. Kuɗi kuwa sun shigo, amma ko rabin kwano ba za su saya ba.

Ana cikin haka matar Baba ta iso. Inna muke ce mata. A wurin mai kayan miya ta ji labari, wata mata ta rungume ta tana ba ta haƙuri. Ta shigo da kwandon cefane a hannu, ta tsaya a kan mijinta yana tsaka da cin biredin mara lafiya.

"Malam, an ce mutuwa kake yi."

"Ta ƙungiya ce," ya ce, bakinsa cike.

Na matso na yi mata bayanin kaji da mai gida da damina. Ta saurara har na gama. Sannan ta juya ta dubi katifar da ke jingine a bango, ta danna ta da yatsa.

"Wannan fa?"

"Ta mara lafiya ce, Inna."

"To ni ce mai jinya. In an gama a kai mini gida."

Da haka muka samu goyon bayan iyali. Ka riƙe wannan: duk wanda zai iya tona maka asiri, ka sa shi a kwamiti.

Mataki na 9: In mai bayarwa ya ce zai zo ya gani da idonsa

Wannan shi ne abin da kowane marubucin wasiƙar neman taimako ke tsoro. Likitar haƙorin nan ta bugo waya. Muryarta a kwance. Ta ce wasiƙar ta taɓa ta ƙwarai, mahaifinta ma a tsufansa ya koyi karatu, tana so ta ɗauki nauyin kwanon gaba ɗaya, amma za ta zo ta gaida dattijon tukuna.

Malama ta ce mu gaya mata gaskiya. Na ce ta kwantar da hankalinta, likitan haƙori daga wuya zuwa ƙasa baƙo ne kamar kowa.

Muka yi gwaji. Aka shimfiɗa katifa a tsakanin kantoci, aka lulluɓe Baba da bargo har haɓa don a ɓoye tumbi. Na ce ya yi tari kaɗan, ya yi wani irin tari kamar babbar mota ta ƙi tashi, har tela ya leƙo. Na ce ya rage. Ya ce yana so a ba shi damar yin wasiyya, ya riga ya shirya ta. Ya fara, ta yi tsawo, har da shawara ga direbobin zamani a kan ba da hannu kafin a sha kwana. Malama, wadda ta rantse ba ruwanta da wannan aiki, ta kasa daurewa ta gyara masa nahawu daga inda take zaune.

Ƙa'idar ita ce: mara lafiya ba ya magana sai an tambaye shi, ba ya cin komai a gaban baƙo, kuma duk abin da zai faru ba ya tashi. Na maimaita masa ta ƙarshen har ya ce na ishe shi.

Mataki na 10: Duk abin da ya faru, ka tsaya da fuskar wanda ya shirya shi

Likita ta zo da yamma, hadari ya yi baƙi. Mace ce siririya mai ɗan tabarau, ba ta da yawan magana. Ta gaida Inna, wadda ke zaune a gefen katifa tana fifita mijinta da jarida. Ta durƙusa ta ce, "Sannu, Baba." Baba ya amsa da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba. Na ji alfahari.

Sai ta kama wuyan hannunsa ta dubi agogo.

"Bugun zuciyarsa ya fi nawa kyau," ta ce.

"Haka ciwon yake, Likita," na ce. "Ɓoyewa yake yi."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta buɗe jaka dai, na hango bakin ambulan. Saura ƙiris.

A daidai nan wani dattijo ya faɗo ɗakin, garin katako a gashinsa, fensir a bayan kunne, wasiƙata a dunƙule a hannunsa. Kamarsu ɗaya da Baba, sai dai shi busasshe ne. Ya zube a gaban katifa yana kuka kamar yaro.

"Yaya, ashe haka abin ya kai ba wanda ya gaya mini."

Inna ta daina fifita. A hankali ta ce mini ƙanensa ne, Auta, kafinta ne a kasuwar katako, kuma rabon da su yi magana tun kafin su yi furfura.

Baba ya buɗe ido ɗaya, ya rufe. Auta ya kama hannunsa ya ɗora a goshi.

"Yaya, duniya ba komai ba ce. Ka tafi da zuciya fara. Na yafe maka tsanin."

Baba ya buɗe ido duka biyu.

"Wane tsani?" in ji Baba, da muryarsa ta ainihi.

"Tsanina da ka ara ka hana. Na yafe, duniya da lahira."

Baba ya yaye bargo ya miƙe zaune. Na yi masa alama da ido, na yi da hannu, na yi tari. Ko kallona bai yi ba.

"Tsanin naka ne da za ka yafe? Babanmu ni ya bar wa. Kai guduma aka ba ka."

"Me direba zai yi da tsani? Bas kake hawa da shi?"

Sai a lokacin na gane tsanin da ake magana. Yana nan jingine a bayan kantar ƙarshe, wanda muke hawa mu ɗauko littattafan sama, wanda Baba ya ce kyauta ya ba ƙungiya. Auta ya bi idona ya hango shi. Ya tashi ya nufe shi, mara lafiya ya riga shi isa. Wannan ya kama ƙafa, wancan ya kama kai, suna ja suna tono maganganun da suka girme ni. Auta ya tsaya cak yana haki, ya dubi yayansa daga sama har ƙasa.

"Wai ba mutuwa kake yi ba?"

"Sai na ga bayan maganar tsanin nan."

Na juya wurin Likita na ce, "Ikon Allah, kin ga albarkar zuwanki." Ta mayar da ambulan cikin jaka ta zuge. Malama ta rufe fuska da tafin hannu.

Sai ruwa ya sauko. Ɗigon farko a ƙeyar Auta ya sauka. Ya ɗaga kai ya ga ramin silin, da ledar da aka cusa a ciki.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni," in ji Baba. "Da tsanina."

"Da leda? Leda ka sa wa kwano?" Auta ya girgiza kai. "Shi ya sa na ce tsani ba na direba ba ne. Sake shi in nuna maka."

Baba ya sake, don a cewarsa yana so ya ga ƙarshen cika baki. Auta ya jingina tsani ya hau, kansa ya shige cikin silin. Daga can muka riƙa jin muryarsa yana zagin wanda ya yi rufin farko, da wanda ya sayar masa da katako, da mai gida, da leda. Baba kuwa yana ƙasa ya riƙe masa ƙafar tsani da hannu biyu, yana cewa ya taka a hankali, matakin sama yana motsi.

"Zan yi aikin," in ji muryar daga sama. "Ba don kai ba. Don in sa ido a kan kayana. Ranar da na gama, da tsanina zan tafi."

Likita ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta zuge jaka, ta fito da ambulan, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba ta miƙa wa Malama.

"Na kwano ne," ta ce. "Da kun rubuto mini cewa ruwa na zuba a kan littattafai, da na bayar ba sai an kwantar da kowa ba."

Kada ka yarda da irin wannan magana. Kowa haka yake cewa bayan ya bayar.

Ta ƙara da sharaɗi. Ta ce lokacin da Baba ke daka wa ƙanensa tsawa ta hango wani turmin haƙori a can ciki da ya ruɓe, gobe ya zo asibiti. Baba ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce ita takarda ta samu cewa ba shi da lafiya, ga ta nan da sa hannun sakatare. A karon farko a wannan rana Baba ya yi kama da hotonsa.

Mataki na 11: Ka yi godiya, ka karɓi yabo ko ba a ba ka ba

An sa wa ɗakin sabon kwano kafin damina ta yi nisa. Mai kaji ya nemi wani wuri. Muka shafa fentin ruwan hoda, tunda akwai shi, yanzu masu wucewa suna leƙowa su tambaya ko ana gyaran gashi.

Dole ka rubuta wasiƙar godiya, kuma dole ta bayyana dalilin da ya sa ana ganin mara lafiyarka a titi yana cin gyaɗa. Ni na rubuta layi ɗaya: "Addu'arku ta karɓu, Baba ya miƙe." Ginshiƙin ilimi ya aiko a mayar masa da katifa tunda ba a yi amfani da ita ba. Na ba ɗan aiken kwatancen gidan Inna. Ban sake jin maganar ba.

An cire wa Baba haƙorin. Ya yi mako yana shan shayi da cokali, ba ya amsa gaisuwata. Har yau in ya shiga bas ana tashi a ba shi kujera ana yi masa sannu da jiki, kuma na lura bai taɓa gyara wa kowa zance ba.

Auta kuwa bai gama aikin ba. Rufi ya daina yoyo tuntuni, amma kullum da yamma sai ya zo ya ce akwai wata ƙusa da bai gamsu da ita ba. Ya hau, ya ƙwanƙwasa, ya sauko, ya zauna kusa da yayansa a benci. Baba ya karanta masa jarida da ƙarfi yana bin layi da yatsa, su yi gardama a kan kowane labari har a tashi rufe ɗaki. Tsanin yana inda yake.

Ni kuma ƙungiya ta zauna ta ɗaga ni daga sakatare zuwa babban mai ba da shawara. Malama ce ta kawo ƙudurin, ba wanda ya ƙi. Muƙami ne mai girma, har an rubuta a ƙa'idarsa cewa mai riƙe da shi ba ya taɓa biro ko takardar ƙungiya. Aikina buɗe tagogi da safe.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin komai da zai biyo baya. Ba ruwansa da haƙorin da za a cire, ko katifar da ba za ta dawo ba, ko ma'ajiyar da za ta daina yi maka magana sai ta bakin tela. In mai bayarwarka ya kira 'yan sanda maimakon ya buɗe jaka, ba mu taɓa haɗuwa ba, kuma wannan takarda tsintarta ka yi. In tsohonka ya ji daɗin kwanciya ya ƙi tashi, kai za ka ci gaba da kai masa biredi. In kuwa ka bi matakan nan duka, ka kwantar da shi, baƙi suka zo, ruwa ya sauko, sannan ka tarar ba shi da ƙane kafinta, wannan sakacinka ne. Tun farko ya kamata ka zaɓi tsoho mai ƙane kafinta.